Sanyin da Na Sayo wa Rahila a Jimeta

Mubi

Tun kafin asuba na bar unguwarmu ta Yelwa. Rahila matata tana kwance kan tabarma a bakin ƙofa, ga tsohon ciki, zufa ta jiƙa mata wuya. Tun da muka dawo daga gudun hijira ba ta yi barcin kirki ba, saboda zafin bazara mai danƙo.

Na durƙusa na ce, "Hasken idona, yau zan kawo miki sanyi har ɗaki."

Ta ce, "Ka dai dawo lafiya."

Jimeta

Da hantsi muka iso. Mai shago ya nuna mini na'urar sanyaya ɗaki da ake kira inbata.

"Ba ta shan wuta kamar tsofaffin, ƙaramin janaretonka ma zai ɗauke ta. Har laimar ɗaki tana tsotsewa. Amma injin waje a tsaye za ka kai shi, kada a ɗora masa komai."

Na ci shinkafa da wake a tasha, ina hango Rahila ta ja bargo tana murmushi cikin barci. Da na damƙa wa direban motarmu injin da na sayo, sai ya dafa ƙirji: "Oga, kamar jariri zan riƙe shi."

Gombi

A shingen bincike kowa ya sauka. Muka bi layi a ƙafa, hannu sama, motar ta tsallaka ta jira mu. Ashe a nan direban ya samu lodin masara. Ya kwantar da injin, ya jibga masa buhuna.

Sai a Hong na ga kwalin injin ya lotse.

"Direba, haka kake riƙe jariri a gidanku?"

"Oga, ƙarfe ne fa, ba ƙwai ba."

Fasinjoji ne suka riƙe mini hannu kafin in kai masa duka.

Gida

Da la'asar Bitrus mai gyara ya buɗe kwalin, ya kasa kunne, ya girgiza kai. Bututu ya tsage, gas ya gudu, kuma babu irin wannan gas ɗin a Mubi.

Na zauna ina huci. Rahila ta ɗauki wuƙa, ta yanko gefen kwalin ta miƙo mini.

"Ungo, Maigida. Wannan ba ya shan wuta ko kaɗan."

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Bitrus. Direban kuwa, Allah ya kwanar da shi a ɗakin kwano marar taga. Ina ta yi mata fifita da guntun kwalin har hannuna ya sage, sannan ta yi barci.