Jatau Mai Ɗorin Duwatsu

A Furfuri, in ka sha ruwan rijiya mai daɗi, da wuya a ce ba Jatau ne ya haƙa ta ba. Gajere ne kakkaura, ga dariya kamar ana yi masa cakulkuli. Da damina yana gona, da rani kuwa sai ya saɓi diga da igiya ya shiga duniya, har can wajen Sakkwato.

A can ne wata rana, yana ƙasan rijiya, digarsa ta ɓantaro wani farin dutse. Da ya duba sai ya ga katantanwa ce sak, har da murɗinta, amma ta koma dutse. Ya jefa aljihu. Tun daga ranar ba ya dawowa gida hannu sake. Yau katantanwa, gobe wani abu kamar haƙorin kifi, har ya cika tsohon kwando a ƙarƙashin gado.

Matarsa Luba ba ta ga abin burgewa ba. "Maza na dawowa da atamfa," in ji ta, "kai kana dawowa da tsakuwa."

Da ciwon gwiwa ya hana shi shiga rami, sai ya jawo kwandon don ya rage zaman banza. Nan ya ga abin da ya tayar masa da hankali. Duwatsun suna marmashewa kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Katantanwar da ya fi so ma ta rabe biyu.

Ya hau mota zuwa Bungudu ya sayo sufagulu. Katantanwar ba ta haɗu ba, amma yatsunsa uku sun haɗu da juna, sai da Luba ta jiƙa su a ruwan ɗumi tana dariya har da hawaye. Ya koma ga ƙaro, ya jiƙa ya shafa. Abu ya kama, ya yi ta fahariya, damina na sauka kuma ya saki, ga kiyashi sun yi masa dandazo. Ya karɓo sholisho wajen mai faci, ya ɓata wasu guda biyu, suka yi baƙi ƙirin.

'Yarsa Nafisa, wadda ke koyarwa a makarantar 'yan mata a Tsafe, ta zo hutu ta same shi ya yi tagumi a zaure. Ta ɗauki hoton duwatsun a waya ta tura wa Malama Husna, wadda ta koyar da ita ilmin duwatsu a Gusau. Ba a jima ba waya ta yi ƙara.

"Ki ce wa Baba don Allah kada ya ƙara shafa musu komai," in ji Malama Husna. "Kuma kada ruwa ya taɓa su. Ina nan tafe."

Ta zo da jaka ɗauke da kwalba, da siririn burushi, da wasu 'yan ƙwayoyi masu kama da ƙanƙara. Ta zauna kan tabarma tana juya duwatsun a hankali, ta gaya wa Jatau cewa waɗannan halittun ruwa ne na wani zamani mai nisan gaske, lokacin da teku ya rufe inda ya haƙa.

"Teku? A wurin da muka yi ta neman ruwa da ƙyar?" Jatau ya riƙe baki. "Ikon Allah!"

Ta zuba ƙwayoyin a asiton, wato ruwan da ake goge jan farce da shi, suka narke. Ta ce wannan shi ne gam ɗin masu aikin adana irin waɗannan duwatsu. In an yi shi tsararo kamar ruwa, sai dutsen ya shanye shi ya yi ƙarfi daga ciki. In an yi shi da kauri, shi ake haɗa karaya da shi. Kuma in an yi kuskure, asiton ɗin zai sake narkar da shi a gyara.

"To wanga shi ne gam mai yafiya," in ji Jatau. "Nawa ba ya yafe wa kowa."

Ta koya masa ya fara share ƙura da burushi, ya gwada ɓarayin biyu su zauna daidai kafin ya sa gam, ya ɗiga kaɗan ya jira ya bushe sannan ya ƙara. Ta ce ya yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu, don asiton ba ya wasa da wuta. Ta kuma nuna masa yadda zai kafa abin da ya haɗa a kwanon yashi don kada ya goce.

Hannun da ya saba da diga bai saba da ɗigo ba. Da farko ya riƙa malala gam ɗin har dutse ya yi sheƙi kamar an shafa masa mai. Luba da ke leƙowa ta gaji da kallo.

"Malam, miƙo nan. Mi kake yi haka kamar mai ban ruwa?"

Ashe hannunta da ya saba da ɗinkin hula ko rawa ba ya yi. Suka raba aiki, shi da haɗa ɓarayi, ita da ɗigo. Har Sabon Gari a Gusau take aikensa sayen asiton, tana jan kunnensa ya rufe kwalbar da kyau.

Mutanen gari suka laƙaba masa Mai Ɗorin Duwatsu. Nafisa ta kai shi makarantarsu a Tsafe, ya tsaya gaban ɗalibai da babbar rigarsa, ya ɗaga katantanwa ya tambaye su wa ya taɓa ganin teku. Babu ko ɗaya. Ya ce shi ma bai taɓa gani ba, amma ya taka ƙasansa.

Yanzu tsofaffin abokan aikinsa kan aiko masa da kwali ta hannun direbobi. Yawanci duwatsun banza ne, yakan yi godiya ya zuba su bakin magudana. Amma a kwalin da ya zo bayan sallah akwai wani dogon ƙashi da ya karye kashi-kashi. Sun haɗa fiye da rabinsa, har ya fi kwanon yashin tsawo, sai da Luba ta ba da daron wankinta. Jatau ya ce na kada ne, Luba ta ce na kifi. Malama Husna ta ce sai ta zo ta gani da idonta, don haka Luba ta sa a kama mata zakara tun yanzu.