Ranar da Aka Ari Akwatin Kofur Lawali

Shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar Kofur Lawali, kuma har yau in na tuna ranar, ba hawaye ke fara zo mini ba, haushi ne. Ana cewa lokaci yana sanyaya zuciya. To ni dai tawa ba ta sanyaya ba. Tare muka yi aikin ɗan sanda a wani ƙaramin ofis a ƙasar Tsafe, shi yana da igiya biyu, ni ko ɗaya ban samu ba tukuna. Jini ne ya ƙare masa a bayan mota a hanyar Gusau, alhali akwatin agajin da ake tsayar da jini da shi yana ɗaure a bayan babur ɗina. Ni na ɗauke akwatin daga hannunsa da safiyar ranar. Matarsa, Hajiya Rabi, ba ta san haka ba sai makon jiya, domin ban taɓa samun ƙarfin halin gaya mata ba.

Lokacin ba a daɗe da yanke Zamfara daga Sakkwato ba, sojoji ke mulki. Kowane ofis irin namu yana da farin akwatin ƙarfe mai jan tambari, wai na agajin gaggawa. Buɗe ka sha kallo! Burushin takalmi, mataccen batir, ragowar goro a takarda. Babu wanda ya taɓa rubuta abin da ya wajaba a samu a ciki, don haka kowa ya zuba abin da ya ga dama. Na Lawali ne kawai ya fita daban. Mahaifinsa ya yi aikin wankin ciwo a asibitin sha-ka-tafi, shi kuma ya tashi yana kallo. Da aljihunsa ya cika akwatin nan: bandeji, auduga, aidin, filasta, almakashi, da wata faffaɗar roba da ya yanko daga cikin tsohuwar taya, haɗe da guntun sanda. Ni kaɗai na yarda na zauna ya koya mini. Ka ɗaura robar sama da ciwon, ka sa sandar ka murɗa, ka yi ta murɗawa ko mutum yana ihu yana zaginka, sai jinin ya tsaya. Sauran abokan aiki kuwa tsokanarsa suke yi, suna ce masa likita bokan Turai.

To ga abin da har gobe yake tafasa mini zuciya. A wancan zamani in babba zai zo duba ofis, sai an aiko da sanarwa tun mako guda kafin ranar. Daga nan sai a shiga aro. A ari hula, a ari takalmi, a shafa wa duwatsun ƙofa farar ƙasa. Da aka gane akwatin Lawali cikakke ne, sai shi ma ya shiga layin kayan aro. Duk inda babba zai sauka, akwatin ya riga shi isa. Akwati ɗaya tak, amma a takardun manya ya zama goma, kowane ofis an rubuta masa cewa kayan agajinsa sun cika. Kowa ya san wasan, har shi mai dubawar, don shi ma ta nan ya biyo kafin ya zama babba.

Ranar da abin ya faru da kaka ne, kuma ranar kasuwa. Da safe Sajenmu ya ce in ɗauki akwatin in kai wani ofis can ƙasar Bungudu, ana dubawa a can. Lawali ya miƙe ya sara masa, ya ce, "Yallaɓai, yau kasuwa ta. Motoci za su yi lodi har ya wuce hankali. A bar shi nan."

Saje ya ce umarni ne daga sama, ba shawara ake nema ba. Ni kuma da shegen bakina na sa dariya na ce, "Haba Likita, wuni ɗaya ne fa. Kafin la'asar na maido maka amaryarka."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Garba, mai dubawa shina aiko da takarda kafin ya zo. Haɗari ba ya aikowa." Duk da haka, shi da hannunsa ya ɗaure mini akwatin a bayan babur, ya ja igiyar sau biyu don kada ya faɗi a hanya.

Sauran labarin daga bakin waɗanda ke wurin na ji shi. Bayan azahar wata a-kori-kura ta taso daga kasuwa, an danƙara mata buhunan dawa, mutane sun hau kan buhunan. Taya ta fashe, motar ta kife cikin kwazazzabo, ba nisa da ofishinmu. Lawali ne ya fara isa. Ya rarrafa ƙarƙashin motar ya jawo wata tsohuwa da ta maƙale, ya miƙa ta waje lafiya. Yana ƙoƙarin fitowa motar ta motsa, wani ƙarfe ya tsarge masa cinya. Suka ce jinin tsartuwa yake yi.

Jama'a ba su gudu ba, Allah ya saka musu. Kowa ya yi abin da ya sani. Wani direba ya kwarara man birki a ciwon, kamar yadda direbobi suka saba. Wani ya ɗebo ƙasa ya danna. Wani dattijo ya warware rawaninsa. Lawali da bakinsa yake ce musu su ɗaure sama, su sa itace su murɗa. Suka ɗaure, suka fara murɗawa, zafi ya sa ya ƙwalla ƙara, sai suka tsorata suka sassauta, wai kada su kashe masa ƙafa. Rawanin kuma santsi gare shi, sai zamewa yake. Robar da ba ta zamewa tana wurina. Mutum ɗaya da ya san cewa ba a sassautawa don ihu, shi ma ni ne, kuma ina can ina gadin akwati a gaban manya.

Da aka gama dubawa na ɗauro akwatin na kamo hanya. Na wuce Gusau, ina daidai dutsen Kwatarkwashi, sai ga wata Fijo ta taho a guje, fitilu a kunne da rana tsaka, hon ba ƙaƙƙautawa. Na kauce gefen titi, har tsaki na yi, na ce waɗannan direbobi ba sa jin magana. Lawali ne kwance a kujerar baya. Babu wayar hannu a lokacin balle wani ya kira ni ya ce in tsaya. Tsakanina da shi bai kai taku biyar ba, muka wuce juna. Kafin su shiga Gusau rai ya yi halinsa.

A rahoton da aka rubuta an ce ya rasu a bakin aiki, kuma jarumi ne. Ko kalma ɗaya babu game da akwati. A zaman makoki kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Na yi imani da ƙaddara, ban taɓa musun ta ba. Amma malamanmu sun koya mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Wallahi na tsani yadda muke ɗaukar ƙaddara mu mai da ita zanen rufe sakaci. Wanda ya ƙirƙiro aron akwati, da wanda ya sa hannu a takardar ƙarya, duk sun zo gaisuwa, sun sha fura, sun shafa fatiha sun tafi.

Abin da ya tono mini wannan miki shi ne, kwanan baya 'yata ta karanto mini a wayarta cewa a wata ƙasa 'yan majalisa suna yin doka da za ta ƙayyade abin da dole a samu a jakar agajin gaggawa ta 'yan sanda. Na ce ikon Allah, ashe akwai inda ran ɗan sanda da na wanda ya je ceto suke da wannan daraja. Na yi ta tunanin me Lawali zai ce. Na san zai yi murna, sannan ya taɓe baki. Zai ce a rubuta kayan, madalla, amma a rubuta kuma cewa jaka ba ta barin motar da aka ba ta, ko sarkin duniya ne zai zo dubawa. A rubuta cewa mai dubawa ya faɗo ba sallama, ya buɗe da hannunsa. A koya wa kowane ɗan sanda ɗaurin jini kamar yadda ake koya masa fareti. In an yi amfani da kaya a mayar da wasu, kada yaro ya ji tsoron taɓa bandeji don gudun tuhuma. In ba haka ba, dokar ma kayan aro ce, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Yau hanyoyin nan da muka yi aiki a kansu ba haɗarin mota kaɗai ke zubar da jini ba, kowa ya san halin da muke ciki. Na tsaya a wani shinge na tambayi wani matashin ɗan sanda me ke cikin motarsu na tsayar da jini. Ya kalle ni ya yi murmushi, ya ce, "Baba, sai dai addu'a." Shekara ashirin da bakwai, jama'a! Yaron nan ko haihuwarsa ba a yi ba ranar da Lawali ya rasu.

Ban wanke kaina ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da na buɗe akwatin na zare robar da bandeji biyu na bar masa, wa zai sani? Tsoron Saje da son a ce ni yaron kirki ne suka hana ni. Shi ya sa makon jiya na je Gusau gidan Hajiya Rabi. Ita kaɗai ta raini 'ya'yansu huɗu da keken ɗinki. Babu titi ko gini mai sunan mijinta. Abin da ya bari shi ne mutanen da ke tafiya da ƙafafunsu yau saboda ya ɗaure musu ciwo a kan lokaci, yawancinsu ma ba su san sunansa ba, da 'ya'ya huɗu da ba su taɓa jin an ce ubansu ya ci haƙƙin kowa ba.

Na zauna a bakin tabarma na faɗa mata komai, tun daga umarnin Saje har zuwa Fijon da na yi wa tsaki. Ba ta yi kuka ba, ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Malam Garba, shi babban da anka kai ma akwatin, da ya buɗe mi ya ce?"

Na so in yi mata ƙarya, in ce ya yaba, ya tambayi sunan mai shi. Amma ƙarya ce ta kai mu inda muke. Na ce, "Hajiya, bai buɗe ba. Ya duba takalmanmu, ya ƙwanƙwasa murfin da sandarsa, ya wuce."

Ta ce, "Ashe ko fanko kunka kai mashi, da ya isa."