Na Yi Wa Baba Ilu Noma Kyauta

Jiya ina noman gyaɗa a gonarmu ta Kademi, na toshe kunne da iyafis ina sauraren karatun littafi a wayata. Matar nan da na fi so ce ke karantawa, wadda in ta zo kan maganar tsohuwa har rawa muryarta take yi. Ta kai inda ake bin ɓarawon shanu a guje, ni ma fartanyata sai ƙara wuta take.

Da babin ya ƙare na ɗago kai, sai na hango kukar kan iyakarmu can bayana. Ashe tuni na tsallaka gonar maƙwabcinmu, Baba Ilu, ina ta nome masa gyaɗarsa. Ga shi zaune a inuwa yana kallona.

Na ce, "Haba Baba, kana gani ba ka tsayar da ni ba?"

Ya ce, "Ɗana, na ga labarin ya yi daɗi, ban so in katse ka ba. Littafin yana da na biyu? Akwai saura ta wajen rafi."

Ciyawar gonata kuwa tana nan tana jirana.

Ku fa, muryar wa ta taɓa ɗauke muku hankali haka?