Dawar Malam Ɗanladi da gilashin da ya ƙi shiga

Har gobe ban manta da ranar da aka tura ni Mairuwa ɗaukar hoton jan-baki ba. Zamanin da kuɗin mai ya shigo ne, ina ƙaramin mai ɗaukar hoto a sashen yaƙi da ƙwarin gona. Jan-baki ƙananan tsuntsaye ne masu zuwa kamar hadari, in suka sauka a gona sai kara. Ƙa'idar aikinmu a lokacin ita ce hedkwata ba ta sakin jirgin feshi sai ta ga hoton da ya nuna bakin tsuntsun ja ƙarara, don kada a fesa wa wasu tsuntsaye guba a banza.

Ku yaran yanzu ku gane: tsuntsu ba ya tsayawa ka matso, dole sai dogon gilashi mai jawo nesa. Kuma kowane kamfani da irin bakin kyamararsa. A shekarun nan kaya ake jibgowa ofis ba tambaya. Wani ɗan kwangila ya kawo kyamarori, wani ya kawo dogayen gilasai, babu wanda ya gwada su tare. Tun a sito na murɗa, na juya, abu ya ƙi zama. Na sami shugabanmu na ce, "Ranka ya daɗe, ba gidansu ɗaya ba." Ya ce, "Duk ba daga Turai suka zo ba? Shiga mota, kai dai ka cika ƙorafi."

A Mairuwa aka kai mu gonar wani dattijo, Malam Ɗanladi. Dawarsa ta yi ido amma ba ta ƙosa ba. Mun tarar da shi da lauje, iyalinsa na jan igiyoyin gwangwani suna ihu. Al'adarsu in jan-baki ya yi yawa sai a yanke dawa da ɗanyenta a shanya. Ƙwaya za ta tsotse, amma a tsira da rabi. Shugabanmu ya ɗaga gilashin nan mai tsawon kamu guda ya ce, "Baba, aje laujenka. Wannan zai kira jirgi."

Dattijon ya dube ni. "Ɗana, wanga abu na gani har can bakin ruwa inda tsuntsayen ke sauka?"

Na ce, "Baba, in ya zauna daidai yana gani, amma yau bai zauna ba. Da ni ne da na yanke." Shugaba ya daka mini tsawa. Malam Ɗanladi ya dubi babbar motar ofis, ya dubi ƙarfen mai sheƙi, ya rataye laujensa. 

Na ɗaure gilashin a bakin kyamara da robar tayar keke, na naɗe da baƙin ƙyalle, na ɗauka ina salati. Na sake ɗauka da ƙaramin gilashin da ya zo da kyamarar. Da aka wanke, na farkon fari fat, haske ya shiga ya cinye fim. Na biyun kuwa ɗige-ɗige kamar an watsa gero. Hedkwata ta ce a sake.

Kafin a samo aron kyamarar da ta dace, mako ya zagayo. Na koma ni kaɗai. Gonar shiru, ko gwangwani ba ya motsi. Zangarniya duk ta zama tsintsiya. Malam Ɗanladi na zaune a kan kunya, laujen a gefensa. Na murɗa gilashin ya yi ƙas, ya zauna daram. Raina bai taɓa ɓaci da wani sauti kamar wannan ba.

Ya ce, "Yau ya zauna?"

Na ce, "Ya zauna, Baba."

"To ɗauka a hankali. Ba abin da zai tashi."

Tun daga nan ban ƙara barin gari ba sai na ji wannan ƙas ɗin da kunnena. Kuma na gane cewa kayan aiki a hannun ma'aikaci alkawari ne ga mutumin ƙauye, ko ka yi magana ko ba ka yi ba. Hoton karan nan ya fita tar, shi ne mafi kyau da na ɗauka a shekarar, kuma ba wanda ya nemi ganinsa.