Baƙin Bangon Arras

Duk wanda ya taɓa sayen nama a kusurwar layin nan na Arras ya san Ɗan Azumi, ya kuma san tambaya biyu kaɗai ake yi masa a samu amsa: na rago ne ko na sa, da yaji ko babu. In ka zarce ka tambaye shi yadda yake ganin tafiyar ƙasa, sai ya duƙa ya kama hura gawayi, ko da wutar tana ci bal-bal. Shekara talatin da ɗaya yana gasa naman shukuya a jikin bango guda, bangon wani tsohon ɗakin ajiya, har hayaƙi ya yi masa baƙin tabo da ya fi tsawon mutum. Direbobin tasin woro-woro da shi suke kwatance. Fasinja kan ce a sauke shi baƙin bango, ba a sake tambayarsa.

Mutumin Madawa ne ta ƙasar Nijar. Ya sauka Abidjan yana saurayi, da jaka ɗaya da wuƙar babansa, ya kama ɗaki a Adjamé, can ya auri Haulatu, can aka haifa musu 'yarsu Ni'ima. Kullum in ya idar da sallar asuba sai mayankar Port-Bouët, daga can sai Arras. Kafin la'asar ya yanka, ya jera, ya rufe da takarda nama ya turaru, daidai lokacin da 'yan dako da masu fiton kaya ke tasowa daga tashar jiragen ruwa da yunwa a cikinsu. Bangon nan shi ya ciyar da gidansa, shi ya kai Ni'ima makaranta har ta samu aiki a wani kamfanin fiton kaya. Ba shi da shago ko gona, ba shi da wani wuri a duniya da za a ce nasa ne in ba wannan taku huɗu na bakin titi ba.

Kada a ɗauka ba shi da ra'ayi. Yana da shi, har ya yi masa yawa. A gabansa aka yi juyin mulki, aka yi tawaye, aka yi zaɓuɓɓuka, yana juya nama yana saurare. Lissafinsa dai shi ne, baƙo ba ya jefa ƙuri'a, amma in rigima ta tashi shi ake fara tarewa a tambayi wa yake so. Saboda haka ya kulle bakinsa. Abin da bai sani ba, ashe ba baki kaɗai ke jawo wa mutum magana ba.

A da, da tsohuwar jarida yake ƙunsa nama, kamar kowa. Yakan saye ta kilo-kilo wurin Lukumanu a kasuwar Adjamé. Shi karatun allo ya yi, bai san harafin boko ko ɗaya ba, balle ya san cewa a garin nan kowace jarida da ɓangarenta. A shekarar 2010, tsakanin zagayen zaɓe na farko da na biyu, wani saurayi ya sayi nama, ya buɗe ƙunshi, sai ga fuskar ɗan takararsa ta jiƙe sharkaf da mai, yaji ya cika mata ido. Ya ƙwala wa abokansa kira. Ɗan Azumi ya rantse, ya sake rantsewa, da Hausa da Julanci da guntun Faransancinsa, ba wanda ya saurara. Suka kifar da murhun, garwashi ya zubo masa a hannun hagu tun daga gwiwar hannu har wuyan hannun.

Ƙunar ta warke. Abin da ya fi ta tayar masa da hankali ya zo bayan mako guda, da wasu 'yan ɗaya ɓangaren suka zo gaishe shi suna ta murmushi, ɗaya ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ashe kai namu ne, tsoho. Mun ji abin da ka yi." Bai yi komai ba, amma ga shi ɓangarori biyu sun riga sun yanke masa gida. Ranar nan kam da zazzaɓi a jikinsa ya koma Adjamé.

Tun daga nan ya ƙulla gaba da duk takardar da ke da rubutu. Ya koma wa takardar cikin buhun siminti, wadda ba ko ɗigo a jikinta, ita ma sai ya juya ta gaba da baya kafin ya ɗora mata nama. Tikitin kuɗin wuri da ake yanka masa, da mai yankan ya juya baya yake cusa shi cikin wuta. In ban da katin ofishin jakadanci da dole ta sa ya yi, sunansa bai hau takarda ko ɗaya ba a garin, kuma yana alfahari da hakan. Har Lukumanu, abokin shekara da shekaru, bai tsira ba. Ɗan Azumi ya daɗe yana tambayar kansa ko da gangan aka sa masa waccan jaridar a saman ɗauri.

Ana saura mako shida zaɓen da ya wuce, sai ga wani mutum mai tabarau. Ɗan Azumi ya ƙi jininsa tun ranar farko, saboda takalminsa. Mutumin da ke yawo a Arras takalminsa yana ƙyalli haka, ai ba yawon banza yake yi ba. Kwana uku a jere yana zuwa, ya sayi nama, ya ci a tsaye, idonsa na kan ƙafafun tebura, har an ga yana auna gaban bangon da taku. Rana ta huɗu ya gabatar da kansa, ya ce sunansa Kwadiyo, sakataren wata ƙungiya ta masu sana'ar bakin titi. Ya ce za a faɗaɗa hanyar bayan zaɓe, za a kwashe tebura duka, amma an gina rumfuna a baya, duk wanda ya cike takardar nan za a ba shi guda. Suna, sana'a, shekarun zama, lambar waya, ƙasar asali.

"Ƙasar asali," in ji Ɗan Azumi a ransa. Ya karɓi takardar da yatsa biyu, ya ce zai duba.

Tsahara mai soya ayabar da ake kira aloko, wadda teburinta ke maƙwabtaka da nasa shekara goma sha biyu, ko numfashi ba ta ja ba ta dangwala yatsa.

"Ke ko, Tsahara," in ji shi bayan mutumin ya wuce, "kin san mi kika sa wa hannu?"

"Rumfa aka ce, Baba Ɗan Azumi."

"Shekara talatin ba wanda ya tuna muna shan rana, sai yanzu da zaɓe ya ƙarato? Ga shi gwamnatin can gida da ta nan ba sa shiri. Suna son su san ko mu nawa ne, da inda muke kwana."

"To ai sun san inda muke. Ga mu bakin titin gudron, kowa na ganinmu."

Ya dube ta, ya fara tunanin ko ita ma an ba ta wani abu.

A gida Haulatu ta tsinci takardar a aljihun rigarsa. "Malam, ka ba ɗiyar nan ta karanta maka mana. Mi ne ne amfanin karatun lakwal ɗin da ta yi?"

"Ni'ima? Duk abin da inji ya buga gaskiya ne wurinta. Kuma wa ya san da wa take zama a biro, can wurin aikinta? Ta tahi ta yi magana, gobe a ce gidan Ɗan Azumi an ce kaza."

Abin kunya ne mutum ya zargi 'yar cikinsa, shi ma ya ji kunyar, amma tsoron ya fi ta ƙarfi. Washegari da takardar ya kunna gawayi. Kwadiyo ya dawo sau biyu. Duk zuwan Ɗan Azumi yakan ƙara masa tsoka a kan abin da ya saya, ya ce gobe.

Ana saura mako biyu, wayoyin masu tebura suka kama ƙara. Duk wanda ya ba da lamba an kira shi. Wata Asabar motar bas ta tsaya a kusurwa, aka raba riguna da huluna masu hoto, aka kwashe su zuwa taron siyasa. Da yamma Tsahara ta dawo, murya ta dushe, ƙafa ta kumbura, ga fuskar mutum shimfiɗe a ƙirjinta. Ranar kam Ɗan Azumi ya sha daɗi. Sai ya yanka mata nama kyauta ya miƙa, yana kallon rigar yana gyaɗa kai. A gida sau uku yana ba Haulatu labarin. Kuma a yi masa adalci, ya canka daidai, an yi amfani da sunayen. Ya zauna yana jiran ranar da za a bi masu riguna gida-gida.

Ranar ba ta zo ba. Aka yi zaɓe, aka faɗi sakamako, layin Arras ya koma sayen nama da aloko. Abin da ya zo, farkon sabuwar shekara, jan fenti ne da aka gicciya a kan kowane tebur, da Kwadiyo ɗauke da babban littafi yana kiran suna yana ba da lamba. Tsahara ta sami rumfa ta goma sha huɗu. Mai gyaran takalmi ya samu, mai shayi ya samu, har wanda bai cika shekara biyu a layin ba. Aka rufe littafi, Ɗan Azumi yana tsaye da wuƙa a hannu.

Tsahara ce ta kira Ni'ima a waya. Ta zo da kayan aiki a jikinta, ta tari Kwadiyo da Faransanci kamar ruwan sama. Mutumin bai yi fushi ba, ya zaro irin takardar ya miƙa mata. Ta karanta har ƙasa, ta juya bayanta, sannan ta dubi mahaifinta.

"Baba, abin da ya faɗa maka shi ne a rubuce. Babu sunan partin siyasa ko ɗaya. Me ya sa ba ka nuna mini ba?"

"Rigunan fa?"

"Riga ce, Baba. Ga ta can, Inna Tsahara da ita take goge tebur."

Kwadiyo ya ce akwai sauran hanya guda. In tsoho zai kawo wata shaida ta daɗewarsa a wurin, ko tsofaffin tikiti, ko kowace takarda mai sunansa da sunan layin, zai kai sama a duba. Ni'ima ta juyo cike da fata. Ɗan Azumi ya dubi murhu. Can ya naɗe hannun rigarsa, ya nuna tabon ƙuna, ya juya ya nuna baƙin bango.

"Papa, na sani," in ji Kwadiyo a hankali. "Ni ma na ci namanka. Amma me zan maƙala a cikin dosiyen takardunka?"

Ran Litinin katafila ta zo. Tun kafin ta iso ya ɗora murhu da tebur a kan kura, aka tura masa har Adjamé. Ya kafa a ƙofar gidan da suke haya, layin da masu nama huɗu suka riga shi, ba kuma ɗan dakon tashar jirgi da zai hau mota ya bi shi can. Rabin naman da ya saba sayarwa ma kwana yake yi.

Bayan wata guda, wata Juma'a, ya ce wa Haulatu ya manta wani ƙarfe a Arras. Ita ta san ba ƙarfen da ya manta, ta bar shi ya tafi. Ya tarar da hanya ta yi faɗi, an shafe bangon da farin fenti daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya bi jikinsa yana shafawa da tafin hannu, ya je ya dawo, ya kasa gane daidai inda ya tsaya shekara talatin da ɗaya. Nan baƙin ciki ya kama shi sosai, irin wanda bai ji ba ko ranar ƙuna, don wannan karon ba shi da wanda zai ɗora wa.

Tsahara ta hango shi daga rumfarta, ta kira shi, ta ba shi benci. Ta zuba masa aloko mai zafi a yankin tsohuwar jarida. Hannunsa da kansa ya ɗaga gefen takardar. Akwai fuskar wani mutum a jiki, mai ya riga ya jiƙa ta, bai kuma san ko na wane ɓangare ne ba. Ya waiga dama, ya waiga hagu, yana neman wanda ke kallonsa. Motoci na wucewa a sabuwar hanya, mutane na ciniki, duk faɗin layin ba mutum ɗaya da ya dube shi.