Waƙar Mama Miriyam a Kwandon Shara

Duk wanda ya taɓa aurar da 'ya ko ya binne tsoho a Kafanchan, da wuya bai zauna a bencin Hulda ba. Shagonta na nan kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, ɗan ƙuƙut, in mutum uku suka shiga sai na huɗu ya tsaya a waje yana miƙo wuya. A nan take buga katin aure da takardar tsarin jana'iza. A nan kuma take yi wa mamaci kwaskwarima: mutumin da ya ƙare rayuwarsa a gindin tukunyar burkutu, in ya biyo ta hannun Hulda sai ka karanta shi ya zama ginshiƙin ikilisiya.

'Yar ma'aikacin reluwe ce, iyayenta Atyap ne daga wajen Zangon Kataf. Ta koyi bugu tun zamanin tafireta, ta yi aiki a ƙaramar hukuma har ta yi ritaya. Da mijinta Eli ya rasu, sai ta buɗe shagon da tsohuwar kwamfutarsa. Daga uwarta ta gaji abu biyu, faɗin ƙugu da ɓoyo. Uwar takan ɓoye busasshen kifi a ƙarƙashin kwandon toka, ta ce ɓarawo ko'ina yana leƙawa ban da shara. Hulda ta riƙe wannan karatu fiye da na makarantar Lahadi. Duk abin da ba ta so wani ya gani a kwamfuta, sai ta jefa shi cikin ɗan kwandon sharan nan na kan allo. Ba ta taɓa zubar da shi ba, ba ta kuma taɓa gaya wa kowa ba.

To, ita ce kuma magatakardar Zumuntar Mata ta ikilisiyarsu. Wanda bai san matan zumunta ba zai ce waƙa ai waƙa ce. Ina! Kowace shekara akwai babban taro, kowace ikilisiya ta zo da sabuwar waƙarta, kuma sabuwar waƙa ana ɓoye ta kamar cikin fari. In ta fita kafin ranar, wasu za su riga ku rerawa, ku tashi a gaban jama'a da tulunanku na kiɗa da anko kamar masu maimaita karatun wani.

Mai ƙaga musu waƙa ita ce Mama Miriyam, tsohuwa 'yar ƙabilar Bajju, wadda ba ta san ko bihim a takarda ba amma in ta buɗe baki har fasto ke share ido. Bana ciwo ya kwantar da ita. Ta aika aka kira Hulda, ta ce, "'Yata, akwai guda ɗaya da ta rage a cikina. Kawo wayarki." Hulda ta rufe ƙofa ta shiga ɗaukar waƙar a waya. Tari ya yi ta katse tsohuwar, sai an koma fari, an sake komawa, har rana ta yi sanyi. Da Hulda ta fito ta tarar da filas ɗin kunu a bakin ƙofa, ba mai shi. Ba ta kawo komai a ranta ba, ta ɗauka ta ajiye wa mai shi. Ta tafi shago ta juye waƙar a kwamfuta, ta goge ta waya, don waya a hannun matan zumunta yawo take kamar ludayin biki. Sannan ta jefa ta kwandon shara. Kafin wata ya mutu aka binne Mama Miriyam.

Ka ga ke nan waƙar nan wuri ɗaya take a duniya. Hulda ba ta jin Jju, yaren tsohuwar, tata muryar kuwa in ta ɗaga sai ka ce ana jan ƙofar kwano. Ran Jumma'a ne za ta kunna wa mata su fara koyo.

Ita kuwa kwamfutar ta daɗe tana kuka. Manhajar da ta zo da ita ta kamfani ce, mai lasisi, kuma kamfanin ya ce ya daina kula da tsohon yayi. Sabon yayin ya fi ƙarfin injin Eli. Kullum sai saƙon gargaɗi ya fito, katin aure guda sai ya ci mata safiya. Ƙanin mijinta, Azariya, malamin kwamfuta a wata sakandare, shi ya yi ta binta da wa'azi.

"Matarmu, a sa miki Linux. Kyauta ce, ba lasisi. Mutane ne ko'ina a duniya suka haɗa hannu suka gina ta, kowa na iya buɗe cikinta ya gani, ya gyara, ya ba wani."

"Abin da kowa ke buɗe cikinsa, mijina, ai gawa ce a asibiti."

"Za ta tashi injin nan kamar yarinya."

"Kai ka fara tashin taka matar tukuna."

Amma ranar da injin ya daskare da takardar jana'iza a ciki, masu makoki na tsaye a kanta, sai ta sauko. Aka sa Laraba.

Azariya ya zo da hantsi, an kawo wuta. Ya zo da ɗan filashin kwamfuta mai ɗauke da sabuwar manhajar, da wani ɗan akwati baƙi na kwashe kaya. Ya yi mata bayani kamar a aji: zai kwashe duk fayilolinta cikin akwatin, sannan ya share injin ƙal, ya zuba sabuwa. Hulda ta buɗe baki za ta ce masa ya fara da kwandon shara, sai inuwa ta rufe ƙofa.

"Salama, Hulda! Ana aiki?"

Clara ce, mai ba da waƙa a zumuntar ikilisiyar ƙetaren layin dogo. Mace mai kunne kamar tarko. Bara waccan a wurin niƙa ta ji wata daga zumuntar su Hulda tana ɗan gungunin sabuwar waƙarsu, kafin taro ƙetaren dogo sun haddace har amshi. Ta zo fotokwafin takardun makarantar jikarta, tuli guda. Ta zauna a benci, gwiwarta na gogar kujerar Azariya, ta kwance ɗankwali ta sake ɗaurawa, irin zaman wanda bai da niyyar tashi.

Hulda ta haɗiye maganarta. In ta ce kwandon shara, Clara za ta ce me ke ciki. Azariya kuwa, da bakinsa na malami, zai buɗe ya kunna don ya tabbata. In ta ja shi waje, ta bar Clara da injin ke nan, an ba kura ajiyar nama.

Kaya suka fara tafiya cikin akwatin. Azariya na karanta sunayen folda da ƙarfi: Aure, Jana'iza, Hotunan Eli.

"Babu ta Zumunta?" in ji Clara, tana murmushi. "Ko bana ba ku da sabuwa? Ayya, Mama Miriyam. Ubangiji ya ba ta hutu."

"Amin. Muna da abin da muke da shi."

"Matarmu," Azariya ya juyo, "duba da kyau. Akwai wani abu a wani wuri? In na share, na share."

Gumi ya tsattsafo wa Hulda a ƙarƙashin ɗankwali. Ta dubi allo, ga ɗan kwandon can a kusurwa, cike. Ta dubi Clara, Clara na dubanta.

"Babu," in ji ta. "Amma kada ka yi sauri. Bari in sallami baƙuwa."

Ta kwashi takardun ta nufi injin fotokwafi a ƙuryar shago, ta juya musu baya. Dabararta ke nan: ta gama, Clara ta tafi, ta faɗi gaskiya. Ta fara saka takardun ɗaya bayan ɗaya. Takarda ta maƙale. Ta ɓalle murfi ta zaro, ta sake sawa, ta sake maƙalewa. Fanka ta yi wani luuu kamar za ta tsaya, ta dawo.

"Wutar nan ba ta da alkawari," ta ji Azariya na cewa. "Gara a yi tun tana nan."

"Na ce ka jira!"

"Ai na tambaye ki, kin ce babu. Ga shi ma ya yi nisa."

Ta juyo. Allon ya canza launi, wani ɗan layi na rarrafe daga hagu zuwa dama. Takardun Clara suka zube daga hannunta.

"Azariya. Kwandon shara. Ka kwashe kwandon shara?"

"Shara kuma? Matarmu, wa ke tashi sabon gida ya ɗauki bola?"

"Kashe! Kashe shi!"

"In na kashe yanzu, babu tsohuwa babu sabuwa. Me kika sa a ciki?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Hulda ta zauna daɓas a ƙasa, ta faɗa, a gaban Clara, a gaban mai gyaran takalmi da ya leƙo jin ihu. Azariya ya cire tabarau ya riƙe kai. Ya ce zai gwada, akwai hanyar tono abin da aka share, in sabon gini bai hau kansa ba.

Sabuwar manhajar ta tashi, tsaf, da sauri kamar yadda ya yi alkawari, ba wanda ya ko yaba. Ya shiga tono. Azahar ta wuce. Ya tono rabin hoton wani ango, ya tono katin bikin da aka yi har an rabu. Duk abin da ya fito sai Hulda ta miƙe, ta koma ta zauna. Ba ta kuka. Leɓenta kawai ke motsi, tana laluben karin waƙar, abin da ke fitowa kuwa ko akuya ba za ta amsa ba. Can Azariya ya janye hannu daga madannai.

"An yi gini a kanta, matarmu. Ki gafarce ni."

"Ba kai ba ne," in ji ta. "Tsohuwa ta ba ni amana da sauran numfashinta, na kai bola."

Clara fa ba ta tafi ba. Takardunta na nan a zube, ba ta tsince ba. Ta daɗe tana kallon ƙasa, tana murza bakin zane. Sannan ta yi gyaran murya, ta fara, a hankali, da Jju. Hulda ba ta jin kalma ko ɗaya, amma ta san wurin da muryar ke hawa ta karye, ta san inda tari ya yi ta tsayar da tsohuwa. Tsigar jikinta ta tashi. Ta bari har aka kai ƙarshe.

"Filas ɗin kunu," in ji Hulda.

"Dubiya na je. Na tarar an rufe ƙofa, taga kuwa a buɗe. Ku kuka yi ta maimaitawa, ni me zan yi da kunnena? Har yau ba ki mayar mini da filas ba."

"Ɓarauniya."

"Na gode, mai bola."

"Matanku sun iya?"

"Har da amshi."

Hulda ta rufe ido. Shi ke nan, asirin bana ya tafi, ƙetaren dogo sun riga su. Amma waƙar na nan da ranta, zaune a kan bencinta, tana gyara ɗankwali.

"Azariya, wannan abin naka na kowa da kowa, yana ɗaukar murya?"

"Yana ɗauka."

"To kunna. Ke kuma matso, ki yi ta daga fari, ban da ƙari. Ran Jumma'a kuma ki zo ki koya wa namu, tun da ke kike jin yaren."

"A taro fa, wa zai rera?" Clara ta tambaya.

"Duk wanda Mama Miriyam ta haifa a waƙa. Sai a haɗa layi. Amma mu ne a gaba."

"Za mu gani," in ji Clara, ta jawo kujera.

Da aka gama Azariya ya tambaya inda za a ajiye. Hulda ta sa yatsa a tsakiyar allo, inda ko makaho zai yi tuntuɓe da ita. Ta sa ya juye a akwatinsa, ya juye a wayarta. Sabuwar manhajar ma tana da nata kwandon shara, a can gefe. Hulda ta harare shi, ta ce a matsar mata da shi nesa. Filas kuwa ta ce sai bayan taro.