Duna da Akushin Giyayya

To, na huɗun dai bai tsage ba! Sati uku ke nan kullum da safe sai na ɗaga akushin nan na duba gindinsa, lafiyarsa ƙalau. Ni fa ba wanda ya koya mini, a waya kawai nake kallo. Injin juya itacen ma da kaina na haɗa shi a zaurenmu da tsohon injin markaɗe, na wasa magagari ya zama abin yanka. Ukun farko kuwa duk sun dare, don ranar da na saro itace ranar nake ɗora shi a inji.

Ana cikin haka Baba ya ce zai sayar da Duna, tsohon jakinmu. Tun ina rarrafe yake gidan nan. Yanzu haƙora sun zube, kara ma sai ya yi ta mamula ya tofar, ga babur ya ƙwace masa aiki. Dillali har ya zo ya buɗe masa baki ya duba, kuma kowa ya san fata ake nema a jikin irinsu. Baba ya ce shi ba zai ci gaba da ciyar da dabbar da ba ta da abin yi ba.

Nan Iya ta faɗo mini a rai, kakata, Allah Ya jiƙanta. Lokacin sanyi, in an gama casar shinkafa, ana idar da isha'i sai ta hura wutar kara a tsakar gida, ta tura dankali cikin toka. Mu zagaye ta, Duna na can turke yana kaɗa kunne kamar da shi ake. Ni take fara tsokana: "Kai mijin nan nawa, ko ƙirare ba ka kawo mini ba, sai dai ka kawo kunne."

Akwai wata tatsuniya da take yawan yi mana, ta wani masassaƙi da jakinsa. Jakin ya tsufa, gungume ɗaya yake iya ɗauka, shi ma sai an huta sau uku a hanya. In mutumin ya sare bishiya a fadama sai a yi watanni ana kwasowa ɗaya-ɗaya, shi kuma ba ya taɓa gizago sai an gama kwashewa. Akusansa har jikoki ke gada. Rannan ya gaji, ya sayar da jakin ya sayi raƙumi. Raƙumi ya kwaso bishiya guda a yini ɗaya, ya sassaƙe ta cikin mako. Ranar kasuwa ya jera kaya, rana ta take, sai ji ake tas, tas, tas. Iya na tafa hannu, mu kuma har da birgima. Ta ce haka ya yi ta bin ƙauyuka yana cigiyar jakinsa. In mun tambaya ko ya same shi, sai ta ce, "Ku ciro dankalinku kafin ya ƙone."

A da tas-tas ɗin nan kawai nake jira. Sai da nawa akusan suka tsage a gabana na gane ɗanyen itace nake juyawa.

Akwai wata bishiyar giyayya da ambaliyar bara ta kayar a gonarmu ta fadama, ta bushe a wurin. Babur ba ya shiga, ga laka ga ciyawar kacala. Na ja Duna muka tafi. Guntu ɗaya na ɗora masa, muka taho yana tsayawa ina tsayawa, sai azahar muka iso. Na juya guntun a inji a hankali har ya zama akushi, na shafe shi da man gyaɗa, na ce wa Umma ta zuba wa Baba tuwo a ciki.

Ya cinye, ya kifa akushin, ya ƙwanƙwasa da yatsa. Ya tambaye ni wa ya fito da itacen daga cikin wannan laka, na faɗa masa.

"To, tunda ya samu aiki, ka je ka ce wa dillali kada ya dawo. Amma abincinsa a wuyanka yake."

Yanzu sau ɗaya a mako muke zuwa fadama. Ni mai gaggawa ne, har gobe, amma dole na bi tafiyarsa, kuma ina jin abin da Iya take ta nuna mana ke nan muna can muna dariya. Dusa nake jiƙa masa safe da yamma, sai dai har yanzu haƙarƙarinsa a waje. Ku da kuka taɓa riƙe jakin da ba haƙora, don Allah me kuke ba shi ya yi ƙiba?